Sa'ad da Karatu Ya Fita Ran Yaro: Jawabi ga Iyaye da 'Yan Sakandare

 

An roƙe ni in yi magana a kan wani abu da ke faruwa a gidaje da yawa, amma ba mu cika kiran sunansa ba. Yaro ya fara sakandare da zafinsa, yana zuwa na uku ko na biyar a aji, yana dawowa gida yana ba ƙannensa labarin abin da aka koya masu. Ya shiga aji huɗu, ya shiga aji biyar, sai a ga ya yi sanyi. Littafi a buɗe a gabansa, hankalinsa kuwa yana wani wuri. Da safe sai an yi fama kafin ya tashi. Yau ciwon kai, gobe ciwon ciki. In an tambaye shi yaya makaranta, ya ce, "Tana nan." Sakamakon zango ya fito, ya koma na talatin. Uba ya ce lalaci ne. Uwa ta ce abokan banza ne. Wata maƙwabciya ta ce ai da hannu a ciki, an juya masa ƙwaƙwalwa. Daga nan sai a ɗauko bulala, ko kuwa a fara zargin dangi.

Akwai lalaci a duniya, ban ce babu ba. Amma malalacin yaro tun farko an san shi, bai taɓa damuwa ba. Wanda nake magana a kansa ya damu, ya yi ƙoƙari, ya yi ta ƙoƙari har ƙarfinsa ya ƙare. Ku manoma kun san gonar da aka shekara goma ana noma ta ba taki, ba hutu. Iri bai canja ba, mai gona bai canja ba, amma dawa ba ta wuce gwiwa. Ba mukan zagi gonar ba. Mukan ce ƙasa ta gaji, mu nemi abin da ta rasa.

Masana sun daɗe da lura da irin wannan gajiya. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya rubuta a kan ma'aikatan sa kai na wani ɗakin magani na kyauta, mutanen da suka fara aiki da ƙauna da himma, bayan shekara guda suka zama kamar itacen da wuta ta cinye cikinsa. Daga baya wata malama, Christina Maslach, ta tsara yadda za a auna abin a 1981. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi da alamu uku. Na farko, mutum ya ji ƙarfinsa ya ƙare ƙaf. Na biyu, zuciyarsa ta yi nisa da aikin, ya fara raina shi, yana cewa me amfaninsa. Na uku, aikin nasa ya ragu, ya daina ganin kansa a matsayin wanda ya iya. Hukumar ta yi maganar ne a kan wurin aiki, ba ta kuma sa shi cikin cututtuka ba. Amma masu bincike sun sami alamun nan uku a wurin ɗalibai ma, gama makaranta ita ce wurin aikin yaro. Ku 'yan bencin baya, ku auna kanku da su a zuci, ba sai kun ɗaga hannu ba.

Bari mu bi ranar yarinya 'yar aji biyar a ƙauye irin namu, mu lissafta tare. Ta tashi ƙarfe biyar na asuba, ta je rijiya ko rafi sau biyu, ta yi shara, ta hura wuta. Ta kama hanya, tafiyar awa ɗaya a ƙafa, sau da yawa ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Ta zauna a aji daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe biyu, cikin ɗaki mai mutum saba'in ko tamanin. Ta dawo cikin rana, ta iso gida ƙarfe uku. Ga surfe, ga kai niƙa, ga itace, ga goyon ƙani. In damina ce, a ce ta bi su gona. Ta gama tuwon dare ƙarfe bakwai da rabi, ta wanke kwanoni, in ranar koyon waƙa ce ta zo majami'a. Ƙarfe tara ko goma ne za ta buɗe littafin kimistiri da tocila a hannu. Minti goma sai gyangyaɗi. Washegari malam ya tambaye ta aikin gida, ba ta yi ba, a kore ta waje ta yi yankan ciyawa. Wannan yarinya ba ta sami barcin awa bakwai ba, ba ta kuwa sami karatun awa ɗaya ba. Likitocin da suka ƙware a kan barci a Amurka sun ba da shawara a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 kowace rana. Mu kuwa muna kiran ta raguwa.

Ga wani abu kuma da ba laifin kowa ba ne a nan, amma mu yake ci. Kalandar makaranta da kalandar gona suna karo da juna. Zango na uku yana farawa wajen Afrilu ya ƙare a Yuli. Jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta takan faɗo tsakanin Afrilu da Yuni, ta NECO kuma ta biyo baya a Yuni da Yuli. Wato daidai lokacin sharar gona, da shuka, da noman fari, da sa taki. Daidai kuma lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana cin abinci sau biyu ko sau ɗaya. Ɗan birni yana zuwa lesin da yamma a watannin nan, namu yana riƙe da fartanya. Su biyun takarda ɗaya za a ba su, tambayoyi iri ɗaya, lokaci ɗaya.

Sai maganar harshe. Yaronmu ya tashi da yaren gida, ya koyi Hausa a kasuwa da majami'a, sa'an nan aka ce ya yi fiziks da Turanci. Yara da yawa suna hayewa daga aji zuwa aji ba tare da sun iya karanta shafi ɗaya na Turanci su gane ba. A ƙaramar sakandare hadda takan rufa masu asiri. A aji huɗu littattafai suka yi kauri, hadda ta kasa. Yaron yana zaune awa biyu yana kallon kalmomi, ba abin da ke shiga, kunya kuma ba za ta bar shi ya ce bai iya karatu ba yana da shekara goma sha bakwai. Irin wannan ba ƙarin wa'azi a kan himma yake bukata ba. A sami wanda zai zauna da shi a ɓoye, su koma littafin aji ɗaya, su karanta da murya shafi biyu kowace rana. Wata uku na haka yakan canja yaro fiye da shekara guda ta faɗa.

Akwai kuma nauyin da mu iyaye muke ɗora masu da baki, ba da mugun nufi ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole daga firamare zuwa aji uku na sakandare. Daga aji huɗu, a wurare da yawa, aljihun iyaye ne, ga kuma kuɗin rajistar jarrabawa a ƙarshe. An sayar da akuya, an sayar da buhun masara tun bai yi daraja ba, an ci bashin adashi. Duk gaskiya ne, sadaukarwa ce babba. Amma in kowace safiya ana tuna wa yaro, "Kai ne begen gidan nan, kada ka ba mu kunya," zai shiga ɗakin jarrabawa yana ɗauke da akuyar da buhun da bashin a kansa. Tsoro kaɗan yana sa mutum ya tashi tsaye. Tsoro mai yawa yana kulle ƙwaƙwalwa, abin da ya sani jiya ya ɓace. Haka nan tilasta wa yaro ajin kimiyya domin muna son likita ko nas a gida. Wani yaro kansa yana ja a tarihi da adabi da harkar gwamnati, wani a lissafin kuɗi da kasuwanci. In aka tura shi inda ba ya gane komai, shekara uku zai yi yana jin shi daƙiƙi ne. A farkon aji huɗu ana iya canjawa. A ƙarshen aji biyar ya yi wuya. Ku je ku ga malamin aji tun da wuri, ku tambaye shi gaskiyar inda ɗanku yake da ƙarfi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne alama ta biyu, sa'ad da yaro ya ce me amfaninsa. Kada mu yi saurin tsawata masa, domin da idonsa yake gani. Wansa ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana acaɓa. Abokinsa ya bar makaranta ya tafi haƙar kuza, ya dawo da waya mai tsada da sabon takalmi. A waya kuma ana ta gaya masu boko yaudara ce, ga cacar ƙwallo da ke yi masu alkawarin arziki dare ɗaya. In muka ce masa, "Yi karatu za ka sami aikin gwamnati," ya san ba mu da tabbas. Gara mu gaya masa abin da muke da tabbas a kai. Wanda ya gama sakandare yana karanta takardar maganin feshi ya san awon da zai zuba. Yana karanta takardar fili kafin ya sa hannu. Takardar sakandare ita ake tambaya a makarantar koyon aikin jinya, da ta aikin lafiya, da kwalejin ilimi, da makarantar koyon aikin gona, da wurin ɗaukar soja da ɗan sanda. Ramin kuza kuwa yakan rufta, mun kuma binne waɗanda ya rufta da su.

Ba zan wuce ba sai na ambaci yaran da suka ga tashin hankali. Tun sace 'yan matan Chibok 276 a 2014, da ɗaliban makarantar Bethel Baptist a jihar Kaduna a 2021, yaro a makarantar kwana yana kwana da kunne ɗaya a buɗe. Waɗansu a cikinmu sun gudu daga ƙauyukansu, yara sun rasa zango biyu ko uku, an sa su a sabon aji a tsakiyar shekara. Yaron da ke firgita in ƙofa ta buga, ko yake mafarkin gudu, hankalinsa yana aikin gadi dare da rana, bai da sauran wurin ajiye darasi. A yi haƙuri da shi, a kuma sanar da malamansa abin da ya faru.

To, me za mu yi? Ni a ganina a fara da jiki, gama shi ne mafi sauƙin dubawa, shi ne kuma aka fi mantawa. Kafin a yanke wa yaro hukuncin lalaci, a kai shi ɗakin shan magani. A gwada jininsa a ga ko zazzaɓin cizon sauro ne ke cin sa a hankali. A duba ƙarancin jini, musamman 'yan mata da suka fara al'ada. Yarinya mai ƙarancin jini takan ji jiri, da kasala, da bugun zuciya in ta hau tudu, tunaninta kuma ya yi nauyi. Wake, da zogale, da alayyafo, da kifi, da hanta in an samu, suna taimako, ma'aikacin lafiya kuma zai ba ta ƙwayar ƙarin jini in akwai bukata. Samarin da ke wanka a dam da kududdufi, a tambaye su ko suna ganin jini a fitsari. Wannan tsargiya ce, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa, tana kuwa da magani. A duba tsutsar ciki. A duba ido, domin akwai yaran da suka shekara uku ba sa ganin allo daga baya, suna zaton kowa ma haka yake gani. Iyaye mata, ku tambayi 'ya'yanku mata ko suna fashin makaranta kwana uku ko huɗu kowane wata saboda rashin ƙunzugu mai kyau. In aka tara kwanakin nan a shekara, sun kai wata guda na darasi.

Sa'an nan abinci da barci. Ko kunu ne da ƙuli-ƙuli, ko ɗumamen tuwo, ko dafaffen rogo da gyaɗa, kada yaro ya fita da ciki wayam. A kan barci kuma ina da magana da ku ɗalibai. Na san dabarunku: cin goro, shan kofi mai kauri, sa ƙafa cikin bokitin ruwan sanyi domin a kwana ana karatu. Ku sani cewa cikin barci ne ƙwaƙwalwa take shirya abin da aka koya da rana ta adana shi. Wanda ya kwana bai runtsa ba kamar wanda ya yini yana sussuka ne, ya bar hatsin a fili ruwa ya sauka a kai. Awa ɗaya da asuba bayan barci mai kyau ta fi awa huɗu na gyangyaɗi. Wayar nan kuma, in ana so a yi barci, a ajiye ta a ɗakin Mama.

Akwai abin da ya fi goro muni. Wasu samari suna shan tiramol domin su jure aikin gona, sa'an nan su ce yana taimakonsu karatu. Ba ya taimako. Yana kama mutum, yana jawo farfaɗiya, yana kashewa. Gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya lalata matasa. In kun ga ɗanku yana cikin wannan, duka ba ya cire shi. Ku nemi ma'aikacin lafiya.

Iyaye maza, ga roƙona gare ku, na kuwa san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. A shekarar jarrabawa, ku sake wa yaro hannu daga gona a ranakun makaranta, ku bar masa Asabar. In hannu bai isa ba, ai mun san gayya. Yadda zumuntar maza take taruwa ta nome gonar gwauruwa ko ta marar lafiya, haka za a iya yi wa gidan da ke da ɗan aji shida, a karɓa bi da bi. Iyaye mata, ku raba aikin gida. Babu dokar da ta ce namiji ba zai ɗebo ruwa ba sa'ad da 'yar'uwarsa take shirin NECO. Ikilisiya ma tana da nata rabo. Yaro ɗaya yana cikin mawaƙa, yana cikin zumuntar matasa, yana koyar da makarantar Lahadi, yana buga ganga, dare huɗu a mako yana majami'a. Shugabanni, ku ba 'yan aji shida hutu daga wasu hidimomi har su gama, kada kuma a riƙa yi masu kallon waɗanda suka ja da baya. In akwai sola a majami'a, a buɗe ɗaki ɗaya daga ƙarfe bakwai zuwa tara, a sa dattijo ɗaya da uwa ɗaya su zauna, yara su zo da littattafansu. Malamai masu ritaya da 'yan bautar ƙasa da ke cikinmu, ga aiki.

Yadda ake yi wa yaro magana ma yana da muhimmanci. In ka kira shi gaban ƙannensa ka ce, "Me ke damunka?" amsar ita ce, "Ba komai." Ka tafi da shi hanyar gona, ku biyu, kana tafe yana tafe, ka ce, "Na ga karatun nan yana ba ka wuya bana. Wane darasi ne ya fi tsaya maka?" Sa'an nan ka yi shiru ka ji. In ya fi sakewa da kawunsa, ko gwaggonsa, ko matar fasto, a bar shi ya je can. Kada a gwada shi da ɗan wane. Ya riga ya gwada kansa da ɗan wane sau dubu.

Yanzu gare ku, 'ya'yana. Kuna jira sha'awar karatu ta dawo kafin ku buɗe littafi. Sau da yawa ba haka take zuwa ba. Sai an fara, an ga abu ɗaya ya shiga, sa'an nan zuciya take biyowa. Saboda haka kada ka ce gobe zan karanta awa shida in rama abin da ya wuce. Ba za ka yi ba, za ka kuma ƙara tsanar kanka. Ka ɗauki minti ashirin, darasi ɗaya, kan magana ɗaya. Ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka ƙara ashirin. Ka fara da darasin da kake ɗan ganewa domin ka tuna cewa kanka yana aiki. Ka sami takarda ka riƙa yin alama kowace rana da ka cika, kamar mai adashi. Manomi ba ya kallon gona gaba ɗaya in zai yi noma, kunyar da ke gabansa yake kallo.

Yawancinku kuma kuna wahala ne da hanyar karatu marar riba. Kuna karanta shafi sau biyar, kuna kwafe littafin rubutu daga farko zuwa ƙarshe, ido ya saba da kalmomin, sai ku ɗauka kun sani. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa yawancin mantuwa tana faruwa ne cikin awoyi da kwanakin farko bayan koyo, kuma komawa kan abu bayan an ba shi tazara yana sa ya zauna. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada ɗalibai. Waɗansu suka karanta wani rubutu a zama huɗu. Waɗansu suka karanta a zama ɗaya, sa'an nan sau uku aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, masu gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Ma'anarsa gare ku ita ce: ka karanta, ka rufe littafi, ka faɗa ko ka rubuta abin da ka tuna, ka buɗe ka ga abin da ka bari. Gobe ka sake gwada kanka, bayan kwana uku ka sake, bayan mako ka sake. Ka bayyana wa ƙanwarka darasin da Hausa ko da yarenku. Inda bakinka ya tsaya, nan ne ba ka gane ba. Ku haɗu uku ko huɗu, ba goma ba, ku sayi littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa guda ɗaya, ku riƙa yi wa juna tambaya. Lissafi kuwa ba a karanta shi kamar labari, da fensir ake yin sa. Ku kuma bar yini ɗaya a mako da ba za ku taɓa littafin makaranta ba. Ku buga ƙwallo, ku ziyarci kaka, ku yi dariya. Wannan ba ɓata lokaci ba ne.

Bari in rage maku tsoron jarrabawar kanta da 'yan bayanai. Abin da jami'o'i suke nema shi ne kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, har da Turanci, ga yawancin fannoni kuma har da lissafi. Ba a ce sai ka ci tara ba. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, misali WAEC da NECO. Wanda bai cika ba yana iya sake zama a jarrabawar masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara, WAEC kuma ta ƙara wata a farkon shekara tun 2018. Akwai NABTEB ga masu sha'awar sana'a da fasaha. Jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, maki 400, tun 2015 kuma da kwamfuta ake yin ta, saboda haka yaron ƙauye ya nemi inda zai taɓa kwamfuta ko sau biyar ne kafin ranar. A 2025, cikin fiye da mutum miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba a sakamakon da aka fara fitarwa. In ɗanka ya sami 170, ba shi kaɗai ba ne, ba kuma ƙarshensa ke nan ba. Amma iyaye, ku guji makarantun nan da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo. Hukumar jarrabawa takan riƙe sakamako ko ta soke shi, kuɗi ya tafi, shekara ta tafi. Wanda ya tsira kuma ya shiga babbar makaranta da takardar da ba tasa ba, can gajiyar za ta same shi ninki biyu.

Sauran magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Gajiyar karatu takan sauka in an huta, an ci, an rage kaya. Yaron yakan warware lokacin hutu, ya yi wasa da abokansa. Amma in baƙin ciki ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, ya daina jin daɗin ko abin da yake so a da, ba ya cin abinci, ba ya barci ko kuwa barci ya yi yawa, yana kulle kansa a ɗaki, yana cewa shi kaya ne a gidan nan, ko gara ya mutu, to wannan ya wuce gajiya. Ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini, yana da magani, ba kuwa alamar rashin bangaskiya ba ne. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti, kamar yadda muke yi in maciji ya sari mutum. Kada a ce yana neman a kula shi ne. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai. Maganin feshi da na ƙwari da na ɓera da muke ajiyewa a ƙarƙashin gado, a kulle su, maigida ya riƙe makulli, musamman a makon da sakamakon jarrabawa yake fitowa. Ma'aikacin lafiya na kusa zai tura ku gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na jami'ar Jos.

Shugaban taro, kafin a tashi ina roƙo a rubuta sunayen 'yan aji biyar da aji shida na kowace ikilisiya da ke nan, da wanda ya riga ya biya rajista da wanda bai biya ba, domin dattawa su san gidajen da za a fara yi wa gayya kafin ruwa ya sauka. Ɗalibin da yake so ya yi magana ba a gaban jama'a ba, zan zauna a ƙarƙashin mangwaron nan har a gama cin abinci.